Tsatsa a Tsaunukan Valdesia: Gonakin Gahawa Sun Mutu, Finjali Bai Bushe Ba

Tsakanin 2011 da 2015 wata cuta da ake kira tsatsar ganye ta bi gonakin gahawa na Jamhuriyar Dominika tana kakkaɓe musu ganye, har ƙasar da ta shafe fiye da ƙarni guda tana sayar wa duniya gahawa ta koma sayowa daga waje don ta cika tukunyar gidanta. Dubban manoma suka bar sana'ar. Amma a Santo Domingo, babban birnin ƙasar, mai shan gahawa bai taɓa wayar gari ya rasa ta a kantin unguwa ba. Ƙullin da ya saba saye yana nan, sunan da ke jikinsa bai canza ba, ƙamshin ma kusan yadda ya san shi. Yadda aka yi gona ta mutu mai sha bai ji a jikinsa ba shi ne abin da nake son bin diddiginsa, kuma zan tsaya a yanki guda, Valdesia, don a nan ne lamarin ya fi fitowa fili.

Dominikar da ake magana ita ce wadda ta raba tsibirin Hispaniola da Haiti a tekun Karebiyan, mai mutum kusan miliyan 11 masu magana da Sifaniyanci. Akwai wani ƙaramin tsibiri can gabas mai irin sunan, ba shi ake nufi ba.

Wurin da gonar

Valdesia ta haɗa larduna uku da ke yamma da Santo Domingo: San Cristóbal, da Peravia mai hedikwata a garin Baní, da San José de Ocoa. Bakin tekun yankin busasshe ne mai zafi, Baní ma da mangwaro da gishiri aka san ta. Sai mutum ya juya wa teku baya ya fara hawa gangaren kudu na tsaunukan Cordillera Central sannan iska ke yin sanyi, hanya ta ƙuntace, gahawa ta fara bayyana. Ana nomanta ne daga tsayin mita 600 zuwa wajen 1,300, a kewayen garuruwa irin su Los Cacaos da Cambita Garabitos da Rancho Arriba. Ta tsakiyar wannan yanki kogin Nizao ya ratsa. A riƙe sunan kogin, za mu dawo kansa.

Wanda ya saba ganin gona a fili, kunya-kunya a jere, zai iya wuce gonar gahawa ta Valdesia bai san gona ba ce. Daji zai ɗauka. A sama akwai manyan itatuwan inuwa, musamman wanda suke kira guama, mai zubar da ganye yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A ƙarƙashinsu ayaba da lemu da fiya. Can ƙasa kuma gahawar ce, galibi tsohon irin da ake kira Typica, doguwa siririya, sai Caturra wadda ta fi gajarta. Gangaren yakan yi tsayin da mota ba ta isa, sai alfadari. Ba da hekta suke auna gona ba, da tarea ne, kuma tarea 16 ce ke yin kusan hekta guda. Yawancin manoman 'yan hektoci kaɗan gare su, da yawa ba su kai uku ba.

Aikin kaka na hannu ne daga farko har ƙarshe. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna tare, a reshe guda za ka ga ja da kore da ruwan ɗorawa, don haka sai an zagaya gona sau da yawa ana tsintar jajayen. Abin da aka tsinto da rana ba ya kwana da ɓawonsa. Da yamma ake zuba shi a ƙaramin injin da ake juyawa da hannu ya ɓare naman, a bar ƙwayar ta kwana cikin yauƙinta, washegari a wanke, a baza a daɓen siminti a riƙa juyawa da majayi na katako, ido na kan hadari. Kilo biyar zuwa shida na ɗanyun 'ya'ya ne ke ba da kilo guda na ƙwayar da za a soya. Duk wannan wahala sau ɗaya a shekara take kawo kuɗi.

Yadda suke sha

Kafin a fahimci cutar sai an fahimci mai sha, domin shi ne kasuwar. A yawancin ƙasashen da ke noman gahawa, mai kyau waje take tafiya, 'yan ƙasa su sha ragowa ko ma su sha shayi. Mutanen Dominika kuwa mashaya ne na gaske. Da wuya ka shiga gida ka rasa greca, 'yar tukunyar alminiyom mai hawa biyu da ake murɗawa a tsakiya, irin wadda Alfonso Bialetti ya fitar a Italiya a 1933. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, a ɗora a wuta, in ta fara gurnani an san ta hau. Baƙa ake sha, mai kauri, a ƙaramin finjali, da sukari mai yawa. Ana sha da asuba, ana sha bayan abincin rana na shinkafa da wake da nama, ana sha in baƙo ya shigo, kuma baƙon da ya ce ya ƙoshi ya yi abin da ba a so. A zaman makoki, wanda kan kai kwana tara, tukunyar ba ta sauka. Yara kan fara ne da tsoma burodi a finjalin uwa. A tashoshin mota, tun kafin gari ya waye, mata na zaune da fulas suna zubawa a 'yan ƙananan kofunan roba.

A ƙauye akwai tsohuwar hanya da har yanzu ake alfahari da ita. Ana soya ƙwayar a tukunyar ƙarfe kan itace, a barbaɗa sukari ana juyawa har ta yi baƙi wuluk tana ƙyalli, a daka a turmi, sannan a tace da jakar ƙyalle da aka rataya a ɗan katako. Maƙwabta kan ji dakan su san an kusa miƙo musu nasu ta kan shinge.

Wanda ke cika yawancin waɗannan tukwane kamfani guda ne, Industrias Banilejas, da aka fi sani da Induban. Manuel de Jesús Perelló Báez ne ya kafa shi a Baní a 1945, wato a gindin tsaunukan da muke magana. Gahawarsa mai suna Café Santo Domingo ta mamaye kasuwar gida, kuma ana sayar da ita har a 'yan ƙananan ƙulli na tukunya guda, yadda mai kuɗin yau kawai zai iya saye.

A ido wannan gata ne ga manomi: kasuwa a ƙofar gida, ba ya jiran jirgin ruwa. Amma akwai wani gefen. Gahawar da aka soya ta yi baƙi aka cika ta da sukari ba ta tona asirin inda ta fito. Bambancin da ke tsakanin ƙwayar da aka tsinta jajir a mita 1,200 da wadda aka sharɓo da ɗanye da ruɓaɓɓe yakan ɓace a wuta. Saboda haka mai saye a ƙauye nauyi yake biya, ba kyau ba, manomi kuma bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Abu na biyu ya fi wannan nauyi: in ƙwayar Valdesia ta yi ƙaranci, ta wata ƙasa za ta iya shiga gurbinta mai sha bai lura ba.

Bangon da ya riga ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar nan ta ɗauki fiye da shekara talatin.

Ranar 31 ga Agusta 1979 mahaukaciyar guguwar David ta afka wa kudancin ƙasar, kusan daidai kan San Cristóbal da Peravia, ta kashe mutum wajen 2,000, ta tumɓuke itatuwan inuwa da gahawar da ke ƙarƙashinsu. Daga wannan masifa ne manoman yankin suka fara haɗa kai da gaske. A Los Cacaos aka sami ƙungiyar La Esperanza, a tsakiyar shekarun 1980 aka kafa FEDECARES da ta tattaro ƙungiyoyin manoman gahawa na kudu, a Baní kuma akwai MOVICAC. Su ne suka fara nemo masu saye a Turai da Amurka da ke biyan farashin adalci, suka kafa wuraren shanya da sheƙewa na haɗin gwiwa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A Yulin 1989 yarjejeniyar da ke kayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe, farashi ya faɗi. A 1995 ƙwaron da suke kira broca ya shigo ƙasar, ɗan mitsitsi ne da ke huda 'ya'yan ya yi ƙwai a cikin ƙwayar. A Satumban 1998 guguwar Georges ta sake bi ta kan gonakin. A 2001, bayan Biyetnam da Brazil sun cika kasuwar duniya, farashin laba guda, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan, ya sauka ƙasa da santi 50 na dalar Amurka. A ƙarshen Oktoban 2007 ruwan guguwar Noel ya yanke hanyoyin Ocoa da Los Cacaos ana tsakiyar kaka.

Ƙaramin manomi ba ya sare gahawarsa don farashi ya faɗi. Abin da yake yi ya fi wannan shiru. Bana ya bar sayen taki. Baɗi ya bar sassabe da rage rassa. Itacen da ya mutu ba a maye gurbinsa. A hankali gonar ta zama wurin da ake zuwa sau ɗaya a shekara a tsinci abin da Allah ya bayar. Itacen gahawa yana fara gajiya bayan shekara ashirin zuwa talatin, amma a tsaunukan nan akwai gonaki da yawa da kakanni suka dasa, jikoki na tsinta. Jikokin ma ba su zauna ba. Wasu sun tafi masana'antun Haina da San Cristóbal, wasu suna acaɓa a birni, wasu sun buɗe kanti a Santo Domingo, sana'ar da aka san mutanen Baní da ita, wasu kuma sun haye Boston da New York. Kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje suka aiko gida a 2021 ya haura dala biliyan 10. Gidan da ke da ɗa a Boston ba ya kwana da tunanin taki.

Ga wanda ba shi da kowa a waje kuwa, akwai ɗan baranda. Tsakanin kaka da kaka akwai watannin da babu abin sayarwa, ga ciwo, ga makaranta. Sai manomi ya je wurin mai sayen gahawa, wanda sau da yawa shi ne mai kantin ƙauyen, ya karɓi kuɗi ko shinkafa da mai, a kan zai biya da amfanin da bai ma nuna ba. Suna kiran wannan sayarwa a la flor, tun tana fure. Wanda ya san bashin falle a ƙauyukanmu ya san sauran labarin: farashin da aka yanka a lokacin yunwa ba shi ne na kaka ba, kuma buhun da ya kamata ya sayi taki ya riga ya zama na wani. Banki zai fi sauƙi, amma banki takardar mallaka yake nema, gonaki da yawa kuma gado ne da ba a taɓa rabawa a takarda ba.

Cutar

Sunanta a bakin manoman roya, wato tsatsar ganye. Wani nau'in funfuna ne da masana ke kira Hemileia vastatrix. Ba sabuwa ba ce a duniya. Ita ce ta gama da gahawar Sri Lanka bayan ɓullarta a 1869, har Turawan Ingila suka koma dasa shayi a can. Ta isa Brazil a 1970. A Dominika ma ta daɗe, tun ƙarshen shekarun 1980, tana zaune a gonakin da ke ƙasa-ƙasa inda ake da ɗumi, manoman kan tudu ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

In ka juya ganyen da ya kamu, za ka ga ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa a bayansa, in ka shafa wani gari mai launin lemu ya manne maka a yatsa. Wannan garin shi ne irin cutar. Iska na ɗaukarsa, feshin ruwan sama na watsa shi, yana bin rigar mai tsinta daga gona zuwa gona. Abin da yake buƙata kawai ganye ya jiƙe na wasu sa'o'i da ɗumi madaidaici, wajen digiri 21 zuwa 25. Ɗigon ya faɗaɗa, ganyen ya bushe ya faɗi. Itacen da ke ɗauke da 'ya'ya ba ganye sai ya cinye kansa don ya ciyar da su. 'Ya'yan su tsaya ba su nuna ba, ko su yi baƙi a reshe, rassan su bushe daga baki. Mugun abin shi ne asarar bana ba ita ce babba ba. Reshen da ya kamata ya yi fure baɗi shi ne ya mutu.

Daga wajen 2010 cutar ta fara hawa tudun da a da ba ta zuwa. Masana sun danganta haka da ɗumamar dare da rikicewar lokutan ruwa. Ba Dominika kaɗai ba ce: Kolombiya ta sha tata daga 2008 zuwa 2011, a farkon 2013 kuma Costa Rica da Honduras da Guatemala duk suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan gahawa. A Dominika fiye da rabin gonakin ƙasar suka kamu. Typica da Caturra, irin da Valdesia ke taƙama da su, ba su da wata kariya daga tsatsa ko kaɗan. Itace tsoho, mai yunwa, marar kariya, cutar ba ta sha wahala ba.

Akwai magani. Feshin tagulla yana hana kamuwa in an yi shi kafin cutar ta shiga, akwai kuma magunguna masu shiga jikin ganye da ke tsayar da ita. Amma sai an yi feshi sau da yawa a shekara, a kan lokaci, da famfo a baya, da ruwan da za a ɗauko a hau gangare da shi. Manomin da ke da shaidar noma ba sinadari, wanda ƙungiyarsa ta yi shekaru tana nema don samun ƙarin farashi, in ya taɓa magani mai ƙarfin ya rasa shaidar. Kasuwar duniya kuma ta zaɓi wannan lokaci ta juya baya: laba da ta kai kusan dala 3 a watan Mayun 2011 ta dawo dala ɗaya da 'yan kai a ƙarshen 2013. Amfani ya ragu, farashi ya ragu, kuɗin magani ya ƙaru, duk a lokaci guda.

Daga ina gahawar birni ta fito?

Daga jirgin ruwa. A shekarun da abin ya fi tsanani, fiye da rabin gahawar da ake sha a ƙasar daga waje aka sayo ta, daga Biyetnam da Brazil da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Dama can akwai wadda ke tsallako iyaka daga Haiti ba ta hanyar kwastan ba. Haitin da a ƙarshen ƙarni na 18, tana hannun Faransa, ita ke ba da kusan rabin gahawar duniya.

Ban ga laifin mai soya gahawa da ya nemo ƙwaya a inda take ba. Masana'anta ba ta tsayawa, kuma daga baya Induban ma ya shiga aikin samar da dashe mai jure cutar. Amma sakamakon a bayyane yake. A ƙa'ida, in amfani ya yi ƙaranci farashi kan tashi, wanda ya tsira da ɗan kaɗan ya rage asara. A nan ƙwayar waje ta toshe wannan ƙofa. Sannan matsalar da ba ta taɓa birni ba, ba ta da mai yi mata kuka a inda ake yanke hukunci. Da a ce shinkafa ce ta yi wannan faɗuwa, da gwamnati ba ta yi barci ba. A farkon shekarun 2000 ana lissafa masu noman gahawa kusan 50,000 a ƙasar. Bayan tsatsa, adadin da hukuma ke ambata bai kai 30,000 ba.

Abin da aka yi

Ba a naɗe hannu ba. A 2013 gwamnatin shugaban ƙasa na lokacin, Danilo Medina, ta ayyana yaƙi da tsatsa a matsayin lamarin ƙasa. Hukumar gahawa ta lokacin, CODOCAFE, wadda aka kafa a 2000, ta raba magani da dashe. Medina yana da al'adar kai ziyarar ba-zata ƙauyuka ranar Lahadi yana ba ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙin ruwa, kuma masu gahawa sun samu. A 2017 aka sauya hukumar da sabuwa mai suna INDOCAFE. Jigon shirin duka shi ne a tumɓuke tsohon iri a dasa mai jure cutar.

Irin nan yana da tarihi mai daɗin ji. A tsibirin Timor, a shekarun 1920, aka tarar da wani itace da ya fito daga auren Arabica, jinsin da Typica da Caturra ke ciki, da Robusta, wani jinsin gahawa mai jure tsatsa, ba da hannun kowa ba, ya gaji juriyar Robusta. Wata cibiyar bincike a Fotugal ta haɗa shi da Caturra aka sami dangin Catimor, ta haɗa shi da wani iri mai suna Villa Sarchi aka sami Sarchimor. Daga cikinsu ne aka fitar da Lempira a Honduras, da Costa Rica 95, da Obatá a Brazil. Irin waɗannan aka shigo da su Dominika.

To, mu ɗauki manomi mai tarea 30, ƙasa da hekta biyu, ɗan shekara sittin da wani abu. An kawo masa dashe kyauta har bakin hanya. Shi zai ɗauke su a alfadari, shi zai sare tsofaffin, ya haƙa ramuka dubbai a gangare, ya yi noma sau da yawa a shekara don ciyawa kada ta danne su. Sabon irin ya fi tsohon ba da amfani, amma ya fi shi cin taki, in bai samu ba ya lalace da wuri. Sai bayan shekara uku zai ga 'ya'yan kirki, cikakken amfani kuwa sai ta huɗu ko ta biyar. Me zai ci kafin nan? Wa zai gaji gonar in ta kama? A ganina nan ne shirin ya yi rauni. Dashe shi ne abu mafi arha a cikin lissafin, kuma shi ne mafi sauƙin ƙirgawa a gaban 'yan jarida. Shekaru ukun yunwa, da takardar gona, da malamin gona da zai riƙa hawa tudun, su ne masu tsada.

Kolombiya ta farfaɗo da sauri, kuma ba sa'a ba ce. Tana da tarayyar manoman gahawa tun 1927, da cibiyar bincike ta Cenicafé tun 1938, da asusun da ake cirewa daga kowace laba da aka fitar waje. Irinta mai jure tsatsa, Castillo, ya fito a 2005, kafin annobar ta iso. Dominika ta fara neman iri ne bayan wuta ta kama.

Akwai kuma wani abin da ya zo a karkace. A 2016 Tarayyar Turai ta yi wa sunan Café de Valdesia rajista a matsayin suna mai kariya, wanda ba mai amfani da shi sai gahawar da ta fito daga waɗannan larduna uku. Nasara ce da ƙungiyoyin manoma suka daɗe suna nema, domin ita ce hanyar tsira daga sayarwa da nauyi kawai. Sai dai irin da aka rubuta a takardar su ne Typica da Caturra, wato waɗanda tsatsa ta gama cinyewa, waɗanda kuma ake cewa manomi ya tumɓuke. Mai son farashin suna sai ya riƙe iri mai rauni ya yi ta feshi. Mai son kwanciyar hankali ya dasa Catimor ya koma kasuwar nauyi. Kwanciyar hankalin ma ba ta da tabbas, don a 2017 aka tabbatar a Honduras cewa tsatsa ta karya juriyar Lempira.

Kogin Nizao

Gonar da gahawarta ta mutu ba ta zama a banza. Wasu sun dasa fiya, wadda Dominika ke cikin manyan masu nomanta a duniya, kuma Cambita da Ocoa na cikin cibiyoyinta. A Rancho Arriba rumfunan leda na noman tattasai da tumatir da kokwamba sun bazu a kwari. Waɗannan na masu ɗan jari ne. Marar jari yakan sare inuwar, ya sa wuta, ya shuka wake, don wake wata uku ne ya ba da kuɗi. Bayan 'yan shekaru ƙasar ta gaji, a bar wa shanu.

Ba na zargin wanda ya zaɓi wake. Amma gangaren da aka tuɓe wa itace ba ya riƙe ruwa. Gonar gahawa mai inuwa tana tare ruwan sama a ganye, ta tsotse shi a ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa, ta sake shi a hankali cikin rani. Gangaren wake yana sakinsa rana ɗaya, haɗe da ƙasar da ke kai. Duk wannan laka Nizao take gangarawa, kuma a kan Nizao akwai madatsun ruwa na Jigüey da Aguacate da aka buɗe a 1992, da ta Valdesia da ta girme su, tun 1976. Suna ba da lantarki, suna shayar da gonakin rani na Baní, kuma daga madatsar Valdesia ne babban bututu ke kai wa Santo Domingo kaso mai yawa na ruwan shanta. Lakar da ta kwanta a gindin madatsa tana rage ruwan da za ta iya ɗauka, kwashe ta kuma aiki ne mai tsadar gaske. Birnin ya iya sayo ƙwayar gahawa daga Biyetnam, amma ruwan da yake zubawa a greca daga gonakin Los Cacaos da Ocoa yake gangarowa.

Hukumomi sun san da haka. Akwai asusun ruwa na Santo Domingo da aka kafa don kula da kogunan Nizao da Haina da Ozama. A arewa, a kan kogin Yaque del Norte, an gwada biyan manoma kuɗi don su bar daji da gahawa mai inuwa a tsaye. A 2018 aka yi doka mai lamba 44-18 kan irin wannan biya. Tunanin daidai ne: mai riƙe inuwa a kan tudu yana yi wa mai famfo a birni aiki, ya kamata a biya shi ko gahawarsa ta yi 'ya'ya ko ba ta yi ba. Kuɗin da zai riƙe manomi a shekaru ukun jiran dashe ke nan. Sai dai abin da ke isa hannunsa bai kai ya yi gogayya da kuɗin wake ko na fiya ba.

Inda aka tsaya

Gonakin da aka sabunta sun fara bayarwa, noman ƙasar ya ɗaga daga inda ya faɗi, kuma a Fabrairun 2025 farashin Arabica a kasuwar New York ya haura dala 4 kowace laba, abin da ba a taɓa gani ba. Wanda ya daure ya dasa a 2015 ko 2017 yana da abin murmushi, in dai bai sayar tun tana fure ba.

Matsalar da ta taso yanzu ta hannu ce. Da 'ya'yan gida suka watse, tsintar gahawa ta koma kan ma'aikata 'yan Haiti, da yawansu ba su da takardun zama. A Oktoban 2024 gwamnatin Shugaba Luis Abinader ta sanar da shirin mayar da har mutum 10,000 Haiti kowane mako, daidai lokacin da kakar gahawa ke kamawa. Babu injin da zai tsinci gahawa a gangaren Valdesia. 'Ya'yan da suka nuna ba sa jira, in an yi ruwa suna tsagewa su zube. Waɗanda suka zube kuma ba asarar bana kaɗai ba ce, domin a cikinsu ne broca ke zama yana hayayyafa har 'ya'yan baɗi su fito.